Ɗana Ya Kawo Min Takalman Wasansa

Assalamu alaikum mai gabatar da shirin wasanni, sannu da aiki. Sunana Malam Habu, baduku a Ƙofar Na'isa. Ni ne mahaifin Nasiru, dogon nan da ke buga wa ƙungiyarmu ƙwallon kwando.

Ranar Asabar aka fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe, a kan idona. Ba zan kare ɗana ba. Jifan kyauta huɗu ya ɓarar, ya yi laifi biyar aka fitar da shi. Koci ma da nasa laifin, don tun kafin hutu ya ga Nasiru yana ɗingishi amma ya ƙi canza shi.

Abin da ya gajiyar da ni shi ne majalisar ƙofar gidanmu. Tunda soja suka koma bariki kowa ya samu bakin magana. Maƙwabcina Alhaji Ɗanlami bai taɓa taka filin ba, amma jiya ya tare ni ya ce, "Malam Habu, a kori golan nan kawai. Ina aka taɓa zura wa mutum ƙwallo saba'in?" Na ce wasan nan ba shi da gola. Ya ce, "To ka ji matsalar."

Kwana biyar ke nan Nasiru ba ya fita sai masallaci. Ya kawo min takalman wasansa ya ce in bai wa mai so. Na ɗinke inda suka yage, na ɓoye su a shago.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: yaushe ya kamata in mayar masa da su?