Mai Kawo Mini Tuwo Ya Dawo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira.

Ni dattijo ne a unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki. Ƙafa ta gaza, matata ta rasu, 'ya'ya sun yi nisa. Mai kawo mini tuwo kullum maƙwabcina ne na layin baya, Ɗanlami, wanda unguwa ke kira ɗan daudu.

Ranar Talata ya je bakala, wato kantin layinmu, sayen kayan miya, sai sabon mai jiran kantin ya ce imaninsa bai yarda ya sayar wa irinsa ba. Ɗanlami ya ji kunya, ya daina biyowa layinmu. Kwana biyu shayi kawai na sha.

Da labari ya iso ni, na dogara sanda na sauka daga bene, na ce wa mai kantin, "Ɗana, a garin nan ka taɓa ganin an bincika halin mutum kafin a miƙa masa zamzam?"

Ya ce, "Baba, ban san kai yake ciyarwa ba."

Na ce, "Ko shi zai ci, sayar masa. Hisabi ba aikinka ba ne."

Na aika wa Ɗanlami. Jiya na ji takunsa a bene yana cewa, "Baba, buɗe, miya na hucewa."

Alhamdu lillahi. A gaishe mini da su duka biyun.