Kujerar Gaba a Lorin Abu Hujar

"Gajiyar wannan zamani ta fi ƙarfin manomi, Baba. Shi manomi jikinsa kawai ke gajiya."

Wani saurayi ma'aikacin ofis ne ya faɗa wa wani tsoho haka a tashar Sinnar, rana tsaka. A lorin da zai tafi garin Abu Hujar, kujera ɗaya ta rage a inuwa kusa da direba, kuma tsohon ya riga shi zuwa.

"To kai mi ke gajiya a jikinka, ɗana?"

"Raina. Amsa saƙonni nake yi a maktab, wato ofis, cikin sanyin na'urar mukayyif. Ko a sahun salla waya na motsi a aljihuna."

"Ya salam! Mu riɗi muke yanka tun asuba. In aka makara kwana biyu, sai ya fashe ya zube ƙasa."

"Ka ji daɗi! Naka aikin yana da ƙarshe. Nawa ba ya nuna, balle a girbe. Wallahi sha'awa kake ba ni!"

Tsoho ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Zo gobe in ba ka lauje ka warke."

"Diktor ya hana. Ga takarda, har da hatimi."

Tsoho ya dubi hatimin, dariya ta tsaya. "A garinmu ba a barin mai takardar asibiti a rana. Shiga."

Tsohon ya tattare jallabiyarsa, ya hau kan buhunan da ke bayan lorin yana dafe gwiwa.

Saurayi ya leƙo ta taga. "Iska ma ta fi a can, ko Baba?"

"Tamam, ɗana. Ka huta."