Sifirin da Ya Kusa Rufe Mana Shafi

Mai girma shugaban taro, shugabannin rassa, sakatarenmu mai ƙwazo, iyayenmu da suka ajiye alli, 'yan'uwa malamai maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka ɗora mini binciken nan, ina kuma ƙara godiya da kuka ba ni lasifika kafin ƙuri'a, ba bayanta ba.

Shawarar da ke gabanmu ita ce a rufe shafin darussan ƙungiyarmu na intanet, a sallami 'yar'uwarmu mai kula da shi. Hujjar sakatare ɗaya ce: fayil ɗin da ke rubuta maziyarta ya nuna sifiri tun farkon zango. Ba goma ba, ba ɗaya ba. Sifiri.

Ga abubuwa uku da na gano. Na farko, sifirin nan tsabtarsa ta yi yawa. Na tambayi shugaba ko yana buɗe shafin, ya ce, "Ƙanwata, kullum kafin in sha shayi." Hotonsa ne a sama, kuma hoton ya yi kyau. To ko duniya duka ta juya mana baya, ai ya kamata mu ga mutum ɗaya.

Na biyu, kwamfutar da ke ɗauke da shafin tana rubuta duk wanda ya shigo a cikin fayil guda. A farkon zango wani ɗan kwangila ya saita mana tsarin sauyi: idan fayil ya cika, a canza masa suna, a ajiye shi gefe, a buɗe sabo. Tsari mai kyau. Sai dai ba wanda ya gaya wa kwamfutar ta saki tsohon. Ita kuwa ba suna take bi ba. Abin da ta riƙe, shi ta riƙe. Tana can tana ta zuba maziyarta a tsohon fayil har ya kumbura, mu kuma muna nan muna leƙa sabon muna jajanta wa juna. Da na buɗe tsohon, na gaji da gungura layukan maziyarta ban kai ƙarshe ba.

Na uku, 'yar'uwarmu ta nemi lambar sirrin shiga wurin da ake ajiye tsohon fayil ɗin, aka ce mata, "Ke dai ki ɗora darasi." Yau kuma za mu kore ta saboda ƙofar da muka hana ta mabuɗinta.

Gyaran kuwa umarni ne mai layi ɗaya: bayan kowane sauyi, a umarci kwamfutar ta saki tsoho ta kama sabo. An yi shi da safen nan.

Ba na roƙon ku yarda da ni. Ku fito da wayoyinku, ku buɗe shafin, ku dubi sabon fayil ɗin a allon da ke bayana. Kun ga layuka suna gudu? Ku ne. Sakatare, ranka ya daɗe, ɗaya daga ciki naka ne.

Yanzu a kaɗa ƙuri'a.

Allah Ya ba mu haƙurin bincike kafin hukunci, Ya albarkaci ɗalibanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.