Hannun da Ya Koma kan Allo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, Alhaji Badaruddeen. Iyayenmu dagatai da masu unguwanni na Gwarzo da Kabo. Likitocin gashin ƙashi da suka dawo duba mu bayan wata uku. 'Yan'uwana malaman makaranta. Jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Sunana Dela Abdulƙadir. Shekara ashirin da shida ina koyar da 'yan aji biyu a Getso. Godiya ce ta tsayar da ni gabanku, domin yaba kyauta tukuici.

Tun bara kafaɗata ta dama ta ƙi alli. In na miƙa hannu saman allo, sai in ji kamar an soka mini tsinke. Na sha ƙaho, na shafa man zafi, a banza. Har na rubuta takardar ajiye aiki na saka a jaka.

Abu na farko, na gode da ba a yarda da bakina ba. Mu nan ko gargara mutum yake, in an ce yaya jiki, "da sauƙi" zai ce. Da likitocin nan suka zo karon farko, Likita Khairiyya ta ɗaga hannuna ta gefe a hankali, ta ce, "Malama, nan fa?" Na ce da sauƙi. Ta lanƙwasa gwiwar hannun ta juya shi ciki, na ce da sauƙi, alhali ina cizon leɓe. Sai ta ce, "Malama, ba dubiya na zo ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na ji kunya, na faɗi gaskiya.

Na biyu, ta gano bakin zaren. Zafin yana tasowa kafin hannu ya kai daidai kafaɗa, ya lafa in ya matso kunne. Ta ce jijiya ce ke matsewa a ƙarƙashin ƙashin kafaɗa. Ba karaya ba ce, ba kuma sammu ba. Ta koya mini motsa hannun safe da yamma, ta roƙi hedimasta ya sauko da allona taƙi biyu.

Jama'a, wannan Khairiyya ni na koya mata ɗaga hannu a aji kafin ta yi magana. Yau ita ta koya mini ɗaga nawa. Ku duba, ga shi har sama. Takardar kuwa, na hura wutar tuwo da ita.

Allah ya saka wa likitocin nan da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar da kowa gida cikin aminci.

Na gode.