Sandunan Lantana

A tashar Madarumfa, Lantana na zaune tana jiran motar Maradi, rungume da sandunan guragu biyu. Wani dattijo da ke gefenta ya yi tsaki.

"Baiwar Allah, janye itacen nan, kin soke ni! Ke da ƙafarki garau, me ya haɗa ki da kayan guragu?"

"Yi haƙuri, Baba. Shekarar bara da su nake tafiya. Ɗan kabu-kabu ya kaɗe ni da babur, likita ya ce da wuya in sake takawa. 'Yan majami'armu suka dage da addu'a, Yesu ya tashe ni."

"To, ki jefa su murhu mana."

"Haka maigidana ya ce, na ƙi. Na roƙi Ubangiji ya nuna mini mai buƙatarsu, na fito."

"Kin fito ba ki san wurin wa za ki ba?"

"Shi ya sani."

Dattijon ya shafa ɗaya daga cikin sandunan.

"Ɗiyata tsayinku ɗaya," ya ce a hankali. "Tun damina take rarrafe."

Lantana ta ɗora masa su bisa cinya, idonta cike da ƙwalla.

"Na gode, Ubangiji! Kai mata, Baba. Ashe ba ni na soke ka ba, Shi ne."