Baƙin Alƙalamin Iya Tope Mai Saurin Yunwa

Ummi da Habu, tunda kun ishe ni a gurup da "Yaya ba mu labarin Legas", to ga shi. Kamar ina gabanku zan rubuta, wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa.

Kuɗin motata dai jar akuyar Inna ce, waccan mai cin sabulu, Ummi kin tuna ta ai. Ran kasuwar Gwaram aka kai ta, da yamma Inna ta kira ni ɗaki ta kwance bakin zani. Ta ce, "Sadisu, ni ko Kano ban taɓa zuwa ba, amma ga akuyata za ta Ikko." Ina dariya ina share ido. Baba Malam kuwa, kakanmu, yana zaure yana yi wa wani mai sauka zayyana a allo, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ka riƙe sallah, kuma kada hannun nan ya manta zane." Sallamar kenan.

A Agege na sami aiki shagon wata Bayarabiya, Iya Tope. Surfanin inji suke yi, wuyan riga da babbar riga. Ni aikina guga da shara. Matar nan akwai faɗa, amma ba ta cin abinci sai ta leƙo ta ga ko na ci. Ita ke zana adon a wani allon gilashi, tabulet, da wani alƙalami wai shi sitailos. Ran farko na ce "sitalas", wallahi har na baro garin sunana kenan a layin.

Alƙaluman biyu ne, fari da baƙi, kuma ba a soka musu waya. Mannawa ake yi a gefen allon, maganaɗisu ya kama, su sha wuta ta nan. Farin yana daɗewa kafin ya cika, amma in ya cika sai ka manta da shi kwana da kwanaki. Baƙin kuwa kafin ka kurɓi ruwa ya ƙoshi, kafin ka gama fure ɗaya yunwa ta kama shi. Na ce, "Iya, me ya sa ba su yi mai saurin cika kuma mai daɗewa ba?"

Ta ce, "Dube shi, kamar tsinke. Ina wurin da wutar za ta zauna? In cikin babba ne sai a hankali, ka ɗura masa da gaggawa ya yi zafi ya lalace. In mai saurin sha ne, cikin ƙarami ne. Koma gugarka, Injiniya."

To ashe tana ganin zane-zanen da nake yi a bayan kwali. Wata safiya za ta fita wajen wani aiki da sabon allonta da farin alƙalami, sai ta dire min tsohon allon da baƙin. Ta ce, "Wani Alhaji zai zo bayan la'asar duba wuyan rigarsa. Irin adonku na Arewa yake so. Ka zana. In ya karɓa, ka bar guga. In bai karɓa ba, ga dutsen gugarka can, bai yi fushi ba."

Habu, ka san mu da caji. A garinmu Kiyako waya sai ta mutu murus ake kai ta wajen mai caji, kuma ba ka karɓowa sai ta cika dam, don ba ka san yaushe za ka sake ganin wuta ba. To haka na yi wa alƙalamin nan. In yi ta zane sai ya ɗauke min a tsakiyar lanƙwasa, layi ya yanke. In manna shi, in naɗe hannu in zauna gadinsa, wai kada in cire bai ƙoshi ba. In na dawo hannuna ya huce, na manta inda na dosa, sai gogewa. Har aka kira azahar ko rabi ban yi ba. Na kalli dutsen guga, wallahi kamar yana min murmushi.

Ina alwala ne Baba Malam ya faɗo min a rai. Kun taɓa ganin alƙalamin karansa ya bushe a kan allo? Ba ya bari. Ya ja layi, ya tsoma a tawada, kuma lokacin tsomawar nan ne idonsa ke auna inda zai sa na gaba. Na ce kai Sadisu, wannan ai alƙalamin kara ne ka mai da shi wayar ƙauye.

Na dawo na zauna. In ja reshe ɗaya, in manna, ƙyas, in duba. In cire, in ja, in manna. Bai sake mutuwa ba. Abin mamaki ma zanen ya fi kyau, don dole nake tsayawa in kalla.

Iya Tope ta dawo ta tsaya a kaina tana jin ƙyas, ƙyas. Ta ce, "Wa ya koya maka haka?"

"Kakana."

"Kakanka yana da tabulet?"

"Yana da shi, Iya. Na katako."

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Alhaji ya zo, ya daɗe yana kallo, ya ce a ƙara masa irinsa a aljihu. Tun ran nan ban sake guga ba sai ta kayana.

Af, ban gaya muku rigimata da mai gidan haya ba, lanlodi, mu muna ce masa Baba Landi. Ya ga na zo da allon ɗaki, ya ce, "Aboki, ina wayar wannan biron?" Na ce ba shi da waya. Ya ce, "Ehen! Ta iska kake satar min wuta!" Sai da na zana masa fuskarsa, na rage masa tumbi, sannan muka shirya.

Da zan dawo ban zo da mota ba, kun gani da idonku. Akuya na saya wa Inna, ta ce wannan ba ta da fara'ar waccan. Iya Tope kuma ta ba ni tsohon allon da baƙin alƙalami, ta ce in kai wa mai na katako ya gani.

Na same shi a zaure na miƙa masa. Ya jujjuya, ya shinshina bakin, ya ce, "Ina tawadar?" Na nuna masa gefen allon. Ya yi bisimilla, ya ja layi ɗaya mai lanƙwasa, sai na ga hannunsa ya tafi gefe da kansa. Ƙyas. Ya tsaya yana auna na gaba.

Ya ce, "Ashe su ma mutanen birni sun san ba a barin alƙalami da ƙishi. Matsa, kana tare min haske."