Kuɗin Bijimin Baba Isiya

Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetona. Sunana Rahila, matar Bitrus mai gyaran lantarki a jami'a. Ni ce mai rumfar POS a bakin kara, inda ake cinikin shanu. Shaida na zo bayarwa, amma ku yi haƙuri da ni, har yanzu bakina da ɗaci.

Lokacin da tsabar kuɗi ta yi wuya, wata Juma'a wani dattijo daga Utai, Baba Isiya, ya kawo bijiminsa ɗaya tilo. Damina ta kusa, taki yake so ya saya. Ba shi da asusun banki, sai dillali ya kawo shi rumfata tare da mai saye: a sa kati a injina, ni kuma in haɗa wa Baba tsabarsa washegari.

Inji ya fitar da rasit, an cire wa mai saye kuɗi. Baba ya dube ni ya ce, "'Yata, ya shiga?" Na ce, "Ya shiga, Baba." Ya juya wurin mai saye ya ce, "Na sallama." Kun dai san kara, in an sallama magana ta ƙare. Kafin la'asar bijimi yana cikin tirela ya nufi kudu.

Jama'a, kuɗin nan bai shigo asusuna ba!

Na je banki a Kano, suka ce yana wurin kamfanin inji. Na kira kamfani, suka ce yana wurin banki. A bankin, wata yarinya tana danna waya, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Madam, netwok ne, ki jira." Netwok ɗin nan ɗan gidan wa ne? Ina ofishinsa in je in riƙe masa riga?

Magana ta bazu a kasuwa: mai POS ta cinye bijimin tsoho. Masu cire kuɗi suka koma wata rumfa. Wannan bai ƙona mini rai ba kamar abin da na ji a nan cikin majami'a. Wasu da muke waƙa tare a zumuntar mata suka ce ai ga sabon zane a jikina. Zanen da ƙanwata ta aiko mini! Kuna zaune, ba zan kira suna ba.

Baba Isiya kuwa kowace Juma'a zai zo, mu gaisa, ya tambayi maigida da yara, ya zauna a bencina, ya tashi ya tafi bai tambayi kuɗinsa ba. Da ma zagina yake yi, da ya fi mini sauƙi.

Wata rana da tsakar rana na ja ƙofar rumfa, na durƙusa. Ban yi addu'a mai tsari ba. Kuka na yi, na ce, "Ya Yesu, ka san ban ci ba. Sunana kaɗai nake da shi a garin nan, kada ka bari a binne shi!" Na tashi da salama, ko da yake asusu bai motsa ba.

Damina ta yi nisa, ina shara da safe, waya ta yi ƙara. Kuɗin ya shigo cif. Haleluya! Ba bayani, ba ban haƙuri daga kowa.

Ni da Bitrus muka hau babur zuwa Utai. Mun sami Baba a gona, dawarsa ta yi ruwan ɗorawa, ko gwiwata ba ta kai ba. Ya karɓi kuɗinsa, ya sa mini albarka, ya ce, "'Yata, ni ban taɓa cewa kin ci ba. Sai dai lokacin taki ya wuce."

Na gode wa Ubangiji da ya wanke ni, na kuma yafe wa masu maganar zane, ko da yake da ƙyar. Ku dogara gare shi shi kaɗai, 'yan'uwa, domin shi ba ya cewa a jira netwok. Ku kuma sa gidan Baba Isiya a addu'a. Ni sunana ya dawo, shi rumbunsa bana ko rabi bai kai ba. Amin.